Kakana, Bandalawa da Shuɗin Kwano

Ruwan da aka yi shekaranjiya ya shigar mini shago ta ƙarƙashin ƙofa, ya jiƙa kwalayen sabulu da na taliya da na jera a ƙasa. Da na buɗe da safe, warin jiƙaƙƙen kwali ya tare ni tun daga bakin ƙofa. Maƙwabciyata mai ɗinki ta ga na ɓata fuska, ta ɗauka asarar ce ta dame ni, ta shiga ba ni haƙuri. Ban tsaya yi mata bayani ba, don tsakiyar kasuwar Sabon Tasha ba wurin dogon labari ba ne. Ni dai tun ina 'yar firamare ba na shiri da wannan wari, kuma ku zan gaya wa dalili, domin na gaji da riƙe abin a ciki.

A Makera aka haife ni, lokacin masaƙun Kakuri suna da sauran numfashi. Babanmu a ɓangaren rini yake aiki, shi ya sa ban taɓa sanin ainihin launin tafin hannunsa ba sai da na girma. Yau ja, gobe kore, jibi kuma wani launi da ba shi da suna. Jiniyar masaƙa ita ce agogon unguwa. In ta yi kuka da rana, sai titi ya cika da kekuna da maza masu kwanon abinci ɗaure a bayan sirdi, masu fita suna gaisawa da masu shiga. Mamarmu tana soya ƙosai a bakin get ɗin masaƙa, ni kuma ina zuba wa masu saye yaji a takarda in an tashi daga makaranta. Layinmu ya tara kowa da kowa: mu 'yan kudancin jiha, da Katsinawa da Zagezagi masu sana'a, da mutanen Binuwai. Da Kirsimeti a raba shinkafa, da Sallah a raba nama, a sauran ranaku kuma a yi faɗa a kan famfo.

Kaka mahaifin Babanmu ne. Ya koyar a makarantar mishan ta ƙauyenmu har ya yi ritaya, kuma da kakarmu ta rasu sai Babanmu ya ɗauko shi, ya yi masa ɗaki guda a bayan gida da bulon ƙasa da tsohon kwano. Dogo ne siriri, yana da kwat ɗaya tak da alli kullum a aljihunta, da wani tari da ba ya rabuwa da shi in damina ta kama. Duk unguwa Baba Ticha ake ce masa. Ni kuwa uwargida yake kirana, kullum da ƙorafin wai tuwona da gudaji, wai zai yi mini saki uku ya koma ƙauye ya auri wadda ta iya kaɗa miya. Ni ma ba na raga masa, nakan ce wace ce za ta auri mai haƙori huɗu. Zama ba ya yi masa, don haka bai daɗe da zuwa ba ya nemi aiki a makarantar da masaƙa ta gina wa 'ya'yan ma'aikata, aka ba shi aji.

Makarantar gini biyu ce a jere a ƙarshen layinmu, da itacen mangwaro a tsakiya. Abin da ya bambanta ta da kowane gini a unguwa shi ne rufinta. Masaƙa ta shafe kwanon da wani shuɗin fenti mai haske, irin na motocinta, wanda ba a sayar da shi a kasuwa. In baƙo ya yi tambaya, sai a ce ya miƙe har ya hango shuɗin kwano. Sai ga shi wata shekara jiniya ta yi shiru. Aka sa kwaɗo a get, aka ce ma'aikata su je gida za a neme su, har yau ana nemansu. Hedimasta ya tafi, malamai suka watse ɗaya bayan ɗaya. Kaka kaɗai ya ci gaba da sa kwat ɗinsa da safe. Ya tara mu manya da ƙanana a aji ɗaya, ba ya karɓar ko sisi, iyaye kuwa suka yi ta turo yara suna sa masa albarka, don in ba nan ba babu inda za su kai mu.

Lissafi da Turanci yake koya mana duk mako, amma ran Juma'a ta tarihi ce. Ya zana taswira da gawayi a jikin bango, Turai a sama, teku a tsakiya, Afirka a ƙasa, kuma a cikin duk mutanen da da yake ba mu labari babu waɗanda yake komawa kansu kamar Bandalawa. Ya ce mutanen arewacin Turai ne, dangin kakannin Jamusawa. Yunwa da waɗanda suka fi su ƙarfi suka taso su daga ƙasarsu, suka kwaso mata da yara da tsofaffi a amalanke, suka haye wani babban kogi a tsakiyar sanyi suka faɗa ƙasar Romawa. Yakan ɗora yatsa a bango ya bi da su ta inda Faransa take yanzu, ya tsallake duwatsu da su zuwa Sifaniya, inda can ma zama bai yi musu ba. A nan sai ya ajiye gawayi ya fara ɗingishi a gaban aji, domin sarkin da suka yi a lokacin gurgu ne, faɗuwa daga doki ta taɓa masa ƙafa, mutum ne mai ƙarancin magana da dogon tunani. Shi ya zuba al'ummarsa kaf a jiragen ruwa ya haye da su Afirka, ya ci birnin Kartaj, inda Tunisiya take yau, wanda shi ne rumbun hatsin Roma.

Wurin da muka fi so shi ne ranar da suka shiga Roma kanta. Mako biyu suka yi suna kwasa. Zinariya, azurfa, kayan fada, mutane a ɗaure, har matar sarkin Roma da 'ya'yanta mata. Da suka gama da ƙasa sai suka ɗaga kai, suka hau babban haikalin birnin suka ɓamɓare rufinsa na tagulla mai ruwan zinariya, suka loda a jirgi. Mu yara sai mu ɓarke da tafi, shi kuma ya buga tebur ya ce ba abin tafi ba ne. Ba ya wanke su. Yakan gaya mana su ma Kirista ne, amma koyarwarsu dabam, kuma sun gallaza wa 'yan'uwansu Kirista da suka tarar, sun kori limamai sun ƙwace majami'u. Mulkinsu bai wuce kamar shekara ɗari ba wata runduna ta zo daga gabas ta share su cikin ɗan lokaci. Harshensu ya mutu, ba su bar littafin da suka ba da labarin kansu ba, duk abin da aka sani a kansu daga bakin waɗanda suka ji jiki a hannunsu ya fito. Kaka yakan ƙare da goge hannunsa a wando, ya ce yau ko ka zaga duniya da fitila ba za ka sami mutum ɗaya da zai ce shi jikansu ne ba.

Muna cikin wannan karatu makarantar ta fara raguwa. Kan famfo ne ya fara tafiya. Sai gilasan taga, sai wayar wuta da aka zare daga cikin bango kamar ana zare jijiya daga nama, sai ƙofofin ginin da ba ma amfani da shi. Kowace Litinin sai mun tarar da sabon giɓi. Kaka ya kai kuka wurin kwamitin unguwa, suka girgiza kai, suka ce 'yan jari-bola ne masu tura baro daga ƙetaren kogi, yaran da ba su san darajar ilimi ba. Sakataren kwamitin, wani dattijon cocinmu mai son a ji muryarsa, har addu'a ya yi a kan Allah ya tona asirinsu. Kaka ya sayi kwaɗo da kuɗin fanshonsa ya sa wa ajinmu, ya dawo gida hankalinsa a kwance, don shi mutum ne mai yarda da maganar manya.

Da hutun Ista aka yi rasuwa a ƙauye, ƙanen Kaka ne ya mutu, sai ya tafi da ni don in riƙe masa jaka. Kafin mu tafi iskar farkon damina ta riga ta yaye rabin rufin ɗakinsa, ana tare ruwa da leda da duwatsu, tarinsa kuma ya fara tashi. Mun yi kusan wata guda a can. Ranar da muka dawo, Babanmu ya tare mu a ƙofar gida yana murmushi, ya ja Kaka zuwa bayan gida. Ɗakin ya sami rufi sabo fil, fari tas yana ɗaukar ido a rana. Ciki kuma an yi masa silin da kwalaye, an buga su da kyau, har an shafa musu farar ƙasa. Babanmu ya ce kwanon na hannu ne, a kasuwar Panteka ya samo shi da araha. Mutumin da ya kusa shekara ba aiki! Kaka ya riƙe hannunsa da hannu biyu, ya yi ta sa masa albarka da yarenmu. Na lura Mamarmu ba ta fito daga kicin ba, amma ban kawo komai a raina ba.

Washegari muka tafi makaranta. Tun daga nesa na ga wani abu ya canza a sararin sama, sai da muka matsa na gane shuɗin ne babu. Gini biyun nan tsirara suke, katakon rufi kawai a tsaye. Kwaɗon Kaka yana nan a ƙofa ba wanda ya taɓa shi. Ya buɗe da makullinsa, muka shiga, rana tana dukan bencina, ruwa ya wanke rabin taswirar ya gangaro da Turai cikin teku.

Da yamma aka yi mitin a gindin mangwaro. Maza suka cika wurin, kowa yana tsaki. Sakatare ya miƙe ya gyara babbar riga, ya ce, "Baba Ticha, wannan aikin bandal ne, irin waɗanda ake faɗa a rediyo suna yanke wayar lantarki. Ba 'yan unguwar nan ba ne, mu mun san kanmu." A ranar na fara sanin cewa Turawa sun mai da sunan mutanen nan zagi ga duk mai lalata kayan jama'a, har ya iso bakin masu karanta labarai. Kaka ya ce, "Kada ku ɗora wa matattu. Su sun yi nasu sun tafi. Ku taya ni neman masu rai." Aka yi dariya kaɗan, aka ce za a kafa ƙaramin kwamiti. Babanmu yana can baya a tsaye, yana kallon ƙasa. Kaka ya ci gaba da koyar da mu a gindin mangwaro, in hadari ya taso mu watse.

Babban ruwan shekarar ya zo ran wata Asabar da azahar. Ina ɗakin Kaka ina tsince masa gyaɗa, shi kuma yana kishingiɗe a gado. Da farko ɗigo ne a kusurwa. Sai na ga silin ya fara yin duhu, yana kumbura yana saukowa kamar cikin akuya mai ciki. Kafin in buɗe baki ya ɓalle, kwali da ruwa da farar ƙasa suka zubo a ƙirjin tsohon nan. Warin ya cika ɗakin. Na yi tsalle ina janye kwalayen daga jikinsa ina ihu, shi kuwa ko motsi bai yi ba. Idonsa yana sama. Na bi inda yake kallo, sai ga shuɗin makarantarmu shimfiɗe a kanmu daga bango zuwa bango, ruwa yana tsiyayowa ta ramuka a jere.

Ga abin da ya faru, yadda na fahimce shi daga baya. Duk wanda ya ɗauki kwanon ya san fentin zai tona shi, don haka sai aka yi dabara aka kifa shi, shuɗin ya koma ciki, farin ɓangaren ya kalli sama kamar sabo. Amma kwano a kan tudunsa ake buga masa ƙusa, inda ruwa ba ya tsayawa. Da aka kifa, tudu ya zama kwari, tsofaffin ramukan ƙusa duka suka koma daidai hanyar da ruwa ke bi. Yayyafi bai nuna ba, sai da aka yi ruwa na gaske. Kuma dabarar ba ta Babanmu kaɗai ba ce. Ina tsaye a ƙofar gida a jiƙe, na ga layinmu ya rikice, mata suna gudu da baho da bokiti da tukwane, ana fito da katifu, ana kiran yara su kawo roba.

Ran Lahadi bayan an taso daga coci, unguwa ta ɗauki warin kwalta. Ko'ina an hura wuta ana narka ta a gwangwani, maza sun hau rufi suna liƙe ramuka. Kaka ya sa kwat ɗinsa, ya ce uwargida ta raka shi ya miƙe ƙafa. Muka bi layin daga farko har ƙarshe. Ga mai injin niƙa a kan rumfarsa. Ga Alhaji mai shagon siminti yana nuna wa kafinta wuri a kan bayan gidansa. Ga wani a kan akurkin kaji. Ga sakatare da kansa, ya tuɓe babbar riga daga shi sai singileti, a kan sabon kicin ɗin matarsa, gwangwanin kwalta a hannu. Duk iyayen 'yan ajinmu ne. Kaka bai ce wa kowa komai ba sai, "Sannu da aiki." Kowa ya amsa ba tare da ya dubi ƙasa ba. Ni kuwa ƙyama ce ta cika ni, irin wadda mutum ke ji in ya tsinci tsutsa a tuwon da ya riga ya ci rabi. Waɗannan ne muke durƙusa wa da safe.

Daga ranar Kaka bai sake shiga ɗakin ba. Ya sa aka fito masa da gado baranda, inda feshin ruwa ke isa, ya ce ba zai kwanta a ƙarƙashin ajin yara ba. Babanmu ya ce ya dawo falo, ya ƙi, ya ce muddin kwanon yana gidan, gidan duka ɗaya ne. Tari ya sauka ƙirji, yana yi har sai ya riƙe ginshiƙi. Mamarmu ta durƙusa tana kuka tana roƙonsa ya dubi lafiyarsa, ya ce mata ta tashi, ba da ita yake ba.

Na ji ranar da suka yi magana, ina wanke kwanuka a bakin rijiya. Babanmu ya ce, "Baba, da ban ɗauka ba wani ne zai ɗauka. Kowa yana ɗauka. Ruwa yana zuba a kanka, ni kuma ba ni da ko na ƙusa. Masaƙar nan ta sha jinina shekara da shekaru ta watsar da ni, kwano nawa ne a ciki?"

Kaka ya ce, "Masaƙa ce take zama a ajin, ko 'yarka?"



Ya ƙara da cewa, "Mutanen da nake ba yara labarinsu, garin abokan gaba suka je suka kwashe. Sun haye teku kafin su hau rufin wani. Ba a taɓa cewa sun yaye na 'ya'yansu ba. Ku ko takalmi ba ku sa ba."

Babanmu ya ce in ya mayar, duk unguwa za ta san shi ɓarawo ne, kuma ba zai kwana biyu a can ba wani zai sake cirewa. Kaka ya ce wannan tsakanin wancan ne da Allahnsa, shi ɗansa yake tambaya. Aka kwashe kwanaki a haka, uba a baranda yana tari, ɗa a ɗaki ya kasa cin abinci. A lokacin haushin su biyun nake ji, ɗaya don abin da ya yi, ɗaya don yana neman kashe kansa a kan kwano.

Babanmu ne ya sauko. Wata Asabar da hantsi, lokacin da layi ya fi cika, ya hau ɗakin ya ɓamɓare kwanon, ya ɗora a ka, shuɗin yana kallon sama, ya bi tsakiyar titi da shi. Sawu ya yi ta yi shi kaɗai. Na ɗauka wani zai ji kunya ya bi bayansa da nasa, don yarinya ce ni. Ba wanda ya bi. Masu shayi suka yi ta dariya, wani ya ɗaga murya ya ce, "Fasto, a sa mu a addu'a!" Matar sakatare ta daina gaida Mamarmu, wai mun mai da mutane ɓarayi. Babanmu ya hau ya buga kwanon a kusurwar ajinmu, ya rufe wajen allo da benci uku na gaba. A ranar Kaka ya yarda aka shigar da gadonsa falo, ya sha kunu kofi guda, har ya ce da ni gudajin yau sun ragu.

Ran Litinin muka koma aji, muka cushe a kusurwar nan kamar 'yan tsaki. Muryarsa ta dushe, amma ya koyar. Ya sake zana inda ruwa ya wanke a taswira. Kwanon ya kai mako guda da 'yan kwanaki. Wata safiya muka zo muka tarar da sama a buɗe, wannan karon har da katakon. Kaka ya tsaya a bakin ƙofa ya daɗe. Sannan ya mai da allin aljihu, ya ce mu je gida, ya miƙa mini kwaɗo da makulli ya ce in kai wa Mamarmu ta sa a kicin. Bai ƙara mako biyu a Kaduna ba ya ce a kai shi ƙauye. Ƙirjin bai sake shi ba, kuma kafin a fara yankan dawa ya rasu.

A can aka binne shi, yadda muke yi, sannan muka dawo Makera karɓar gaisuwa. Mutanen unguwa sun yi ƙoƙari, ba zan ci haƙƙinsu ba. Kafin mu iso sun share ƙofar gida, sun kawo bencina, sun kafa rumfa don masu zaman makoki kada rana ta dame su. Aka zaunar da Babanmu a tsakiya. Sakatare ya miƙe yana jawabi, wai an yi rashin uba, wai irin su Baba Ticha ba a samun su kuma, wai shi ne hasken unguwa. Ana cikin haka Babanmu ya jingina da kujera ya ɗaga kai. Ni ma na ɗaga. Shuɗi ne, kuma ramukan ƙusa sun yi masa yawa kamar rariya, irin na kwanon da aka buga aka cire, aka buga aka cire. Ba da mugunta suka yi ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. An ce a kawo kwano a yi rumfa, kowa ya shiga gida ya ɗauko wanda yake da shi, sun ma manta daga ina ya fito. Babanmu ya tashi ya ɗauki kujerarsa ya fita da ita tsakiyar rana. A nan ya karɓi gaisuwa har yamma, gumi yana zuba, duk mai son yi masa ta'aziyya sai ya fito ya same shi.

Yanzu in kun je wurin ba za ku ga alamar an taɓa yin makaranta ba. An kwashe bulo, an haƙe rodin tushe, an sare mangwaron, wajen wankin mota ne da shagon caca. Na sha karanta labarin Bandalawa a waya in kasuwa ta yi sanyi, na tarar yawancin abin da Kaka ya faɗa haka yake. Har na ga wani abin da bai gaya mana ba, wai a zamanin mulkinsu a Kartaj makarantu ba su rufe ba, an ci gaba da karatu da rubuta waƙa. Kullum kuma sai na ji an kira sunansu a rediyo, an sace wayar transfoma, an kwance ƙarfen gada, an ɗauke murfin kwalbati, a yi ta magana kamar wasu baƙi ne suke saukowa daga wata duniya. Ni na san fuskarsu. Na gaishe su da safe, na ci shinkafarsu da namansu.

Babanmu ya tsufa, yana zaune da ƙanena a Gonin Gora. Watannin baya ina can sai ga baƙi daga Makera, maza huɗu da gemu da tumbi, duk tsofaffin 'yan ajinmu, har da ɗan sakatare, wanda shi ne shugaban ƙungiyar unguwa yanzu. Suka durƙusa suka gaishe shi, suka ce sun yanke shawarar sa wa layinmu sunan Baba Ticha, za a kafa allo a yi biki a kira 'yan jarida, izininsa kawai suke nema. Na kawo musu ruwa. Babanmu ya saurare su har suka gama, yana murza tafin hannunsa. Sannan ya yi musu godiya, ya tambayi lafiyar iyayensu ɗaya bayan ɗaya, ya ce su gaida gida.

Ɗan sakatare ya ce, "To Baba, maganar sunan fa?"

Babanmu ya ce, "Ku bar masa sunansa. Shi kaɗai ya rage ba ku ɗauka ba."